Yadda Ake Auna Gudun SSD da Kwatanta Sakamakon a Kwamfutar Gida

Yawancin kwamfutocin da ake amfani da su a gidajen Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena na hannu ne, sun gama hidimarsu a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su iso mana ta tashar jiragen ruwa ta Duwala ko ta hannun 'yan kasuwar da ke sarowa daga Kano da Dubai. Da zarar irin wannan kwamfuta ta fara nauyi, shawarar mai gyara guda ce: a cire tsohon faifai mai juyawa a saka SSD, wato ma'ajiyar bayanai wadda babu abin da ke motsi a cikinta. Shawarar daidai ce. Inda ake rikicewa shi ne wurin zaɓe, domin wani kwalin an rubuta masa megabait 550 a daƙiƙa, na kusa da shi 3,500, wani kuma 7,000, kowanne da nasa farashin na sefa. Mai saye yakan ɗauka cewa wanda lambarsa ta fi girma shi zai fi sa kwamfuta sauri, alhali kuwa lambar da ake bugawa a kwali ita ce mafi ƙarancin tasiri ga aikin yau da kullum. Wanda yake son ya kwatanta SSD biyu bisa gaskiya, sai ya san layin da zai karanta a sakamakon gwaji, ya kuma tabbata an auna su a yanayi ɗaya.

Fara da sanin iyakar kwamfutarka

Kafin a auna komai, a sauko da manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi, don haka ko intanet ɗin wayar hannu ya isa. Idan aka buɗe ta, akwai layin da ke nuna lambobi biyu da sanda a tsakaninsu. Ta hagu ita ce gudun da faifan yake aiki da shi a yanzu, ta dama kuwa ita ce iyakar abin da zai iya. SATA ita ce hanyar da faifai yake bi ya haɗu da kwamfuta, kuma idan ka ga SATA/600 a ɓangarorin biyu, to babu abin da ya tauye shi. Idan kuwa ka ga SATA/300 a hagu da SATA/600 a dama, ma'anarsa ita ce ramin da aka soka faifan tsohon yayi ne, kuma ko da wane irin SSD ka saka ba zai wuce kimanin megabait 270 zuwa 280 a daƙiƙa ba. Wannan shi ne halin yawancin tsofaffin kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Core 2 Duo da rukunin farko na Core i5. An fitar da ƙa'idar SATA ta uku, wato SATA/600, a 2009, amma sai wajen 2011 ta zama ruwan dare a kwamfutocin tafi-da-gidanka, kuma ita ma iyakarta a aikace kimanin 550 zuwa 560 ne. Shi ya sa Samsung 870 EVO da Crucial MX500 duk suke ɗauke da 560 a kwalinsu: ba wai sun yi kunnen doki da gangan ba ne, hanyar ce ta cika.

Nau'in SSD da ake kira NVMe, wanda ƙa'idarsa ta farko ta fito a 2011, ba ya bin wannan hanya, yana bi ne kai tsaye ta layukan PCIe, wato hanyoyin bayanai masu sauri na cikin kwamfuta. A layuka huɗu na PCIe 3.0 ana samun kimanin 3,500, a PCIe 4.0 kimanin 7,000, a PCIe 5.0 kuwa har wajen 14,000. Nan ma manhajar za ta nuna lambobi biyu, kuma ba abin mamaki ba ne a ga PCIe 3.0 x2 a hagu da PCIe 3.0 x4 a dama, domin wasu kwamfutoci layuka biyu kawai suke ba ramin, sai gudun ya ragu da rabi. A kuma kula da cewa siririn faifan nan na M.2 iri biyu ne masu kama da juna: akwai mai bin SATA, wanda galibi yake da tsaga biyu a bakinsa, akwai kuma NVMe mai tsaga ɗaya. Wanda ya sayi M.2 mai bin SATA ya ga 550 bai kamata ya koma shago da faɗa ba, abin da ya saya ke nan.

Haka lamarin yake ga wanda ya saka SSD a ƙaramin akwati ya jona shi ta USB. Ramin USB 2.0 ba ya wuce megabait 35 zuwa 40, na 3.0 kuwa yakan tsaya tsakanin 400 da 450. Sakamakon da aka samu ta wannan hanya awon igiya ne da rami, ba na faifai ba.

Layuka huɗu da abin da kowanne yake faɗa

Manhajar da aka fi amfani da ita wajen awo ita ce CrystalDiskMark, kuma mutum ɗaya ne ɗan ƙasar Japan ya rubuta ta tare da wadda muka ambata. A fitowarta ta 8, idan ba a taɓa saitinta ba, za ta maimaita kowane gwaji sau 5 da fayil mai girman gigabait 1, ta jera sakamako a layuka huɗu, karatu a hagu rubutu a dama. Layukan su ne SEQ1M Q8T1, SEQ1M Q1T1, RND4K Q32T1 da RND4K Q1T1. Harafin Q yana nuna yawan buƙatun da aka jera wa faifan a lokaci guda, T kuwa yawan hanyoyin da manhajar take turo su.

Layuka biyu na sama suna auna ɗaukar manyan bayanai da ke jere wuri guda, na ƙasa biyu kuwa suna auna tsintar ƙananan gutsattsari masu kilobait 4 da suka warwatsu ko'ina. Bambancin kamar na tirela ce da ta ɗauko buhunan masara daga Ngaundere ta miƙe kwalta har Garwa, da mai babur da aka aika lunguna ɗari na kasuwa ya karɓo ƙullin kaya ɗai-ɗai: ƙarfin injin tirela ba ya rage wa mai babur aiki. Layin farko shi ne wanda kamfanoni suke bugawa a kwali, kuma yana da amfani ga mai kwafe manyan fayilolin bidiyo. Amma tashin Windows, buɗe Word, buɗe burauza mai shafuka da yawa, neman hoto a cikin dubban hotuna, duk aikin layin ƙarshe ne, wato RND4K Q1T1, inda ake neman gutsure ɗaya, a jira ya iso, sannan a nemi na gaba.

A wannan layi na ƙarshe lambobin ƙanana ne, har mutum yakan zaci faifansa ya lalace. Faifai mai juyawa, wanda yake ba da kimanin 100 a layin farko, da ƙyar yake kai megabait 1 a nan, domin sai allurarsa ta yi tafiya zuwa inda bayanin yake, ta kuma jira faifan ya zagayo. SSD mai bin SATA yakan ba da 30 zuwa 45 a karatu, NVMe kuwa galibi 50 zuwa 90. Idan aka dubi waɗannan lambobi da kyau, za a gane dalilin da ya sa wanda ya bar faifai mai juyawa ya koma SSD yake jin kamar ya sayi sabuwar kwamfuta, amma wanda ya bar SATA ya koma NVMe yakan tambayi inda kuɗinsa suka tafi. Na farko ya samu ninki talatin ko fiye a layin da aikinsa ya dogara da shi, na biyu kuwa bai wuce ninki biyu ba, ko da yake lambar kwali ta ninka sau shida ko goma sha biyu. Wanda yake son sanin adadin buƙatun da ake biya a daƙiƙa sai ya raba lambar da kilobait 4: megabait 40 ya kama kusan buƙatu 10,000 ke nan.

Layin na uku, mai Q32, ba sai an ɓata lokaci a kansa ba. Jerin buƙatu 32 shi ne iyakar abin da SATA take ɗauka, kuma kwamfutar gida da wuya ta tara buƙatu masu yawa haka. Aikin manyan kwamfutocin kamfanoni ne.

Wani ɗan abin lura ga mu da yawancin kwamfutocinmu suke da Windows na Faransanci: Mo da Go da ake gani a allon kwafi daidai suke da MB da GB na manhajar awo. Wanda ya bambanta shi ne Mb mai ƙaramin harafi, wanda kamfanonin intanet suke amfani da shi, kuma sai an tara takwas nasa ake samun megabait ɗaya.

Daidaita yanayi kafin a danna maɓalli

Sakamako biyu ba sa kwatantuwa sai an same su da manhaja ɗaya, fitowa ɗaya, saiti ɗaya. Fitowa ta 6 ta CrystalDiskMark tana da layuka daban da na ta 8, kuma ko a ta 8 ɗin akwai saitin NVMe da ke canza layuka biyu na tsakiya. Manhajar ATTO tana gwaji da bayanan da ake iya matsewa, AS SSD kuwa da waɗanda ba sa matsuwa, don haka wasu tsofaffin faifai sukan yi fice a ɗaya su faɗi a ɗayar. Jimillar maki da AS SSD take bayarwa tana ba layin da ake jera wa faifai buƙatu da yawa lokaci guda nauyi mai yawa, shi ya sa ban cika ba ta muhimmanci a kwamfutar gida ba. Mai amfani da Linux yana da fio da KDiskMark, mai Mac kuma yana da Blackmagic Disk Speed Test, amma kada a ɗauki lambar ɗayansu a ajiye kusa da ta Windows a ce an yi kwatanci.

Sai a jona kwamfutar da caja, a sa ta a tsarin wuta mafi ƙarfi, domin a kan batiri tana rage wa kanta gudu, kuma layin ƙarshe ne yake fara shan wahala. Kwamfutar tebur kuwa kada a fara gwajin rubutu da ita a lokacin da ake sa ran ɗaukewar wuta, sai dai idan akwai na'urar riƙe wuta a tsakani. A rufe duk manhajoji, a bar kwamfutar ta huta na wasu mintuna bayan kunnawa, a kuma tabbata Windows ba ta cikin sabunta kanta kuma manhajar kariya ba ta bincike. Idan BitLocker, wato tsarin kulle bayanai na Windows, yana kunne a kwamfuta ɗaya yana kashe a ɗayar, a rubuta hakan, domin kulle bayanai yana rage gudun ƙananan gutsattsari. Faifan da Windows take kansa kuma yakan ba da sakamako ƙasa kaɗan da wanda aka saka a matsayin na biyu, tun da yana yi wa tsarin hidima a daidai lokacin da ake auna shi.

Girma ma yana da tasiri ko da sunan ɗaya ne. Kingston A400, wanda ya cika shagunanmu saboda arharsa, an rubuta masa rubutun 320 a mai gigabait 120, da 350 a mai 240, da 450 a mai 480, saboda babban yana da ƙwayoyin ajiya da yawa da ake rubutawa a kansu lokaci guda. Haka nan cikar faifai: wanda ya cika kashi 90 cikin ɗari ba zai yi rubutu kamar wanda yake fanko ba. Mai gyara da ya nuna maka sakamakon sabon faifai fanko, ya ajiye shi kusa da naka da ya shekara cike da bidiyon biki, bai yi ƙarya ba, amma kwatancin bai yi adalci ba.

Akwai wata lamba da ya kamata ta sa mutum ya tsaya. Idan faifan SATA ya nuna 3,000 ko 5,000, ba abin murna ba ne. Manhajojin wasu kamfanoni, irin su tsarin RAPID na Samsung Magician da Momentum Cache na Crucial, suna aron wani ɓangare na RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi mai sauri ta kwamfuta, su riƙa tara bayanai a can, sai gwajin ya auna RAM maimakon faifai. A kashe su, a sake kunna kwamfuta, sannan a auna.

A yi gwajin sau uku, a bar ɗan hutu tsakaninsu, a ɗauki na tsakiya. A ganina duk bambancin da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba ba bambanci ba ne, domin faifai ɗaya ma yakan yi wannan hawa da sauka tsakanin safe da yamma.

Abin da gajeren gwaji yake ɓoyewa

Nan ne faifai mai kyau da mai arha suke rabuwa, kuma nan ne ya fi dacewa a daɗe. Yawancin SSD na yau suna ajiye ɗigo uku na bayani a kowace ƙwaya, wato TLC, ko huɗu, wato QLC. Rubutu a irin waɗannan ƙwayoyi yana da jinkiri, don haka kamfanoni suke ware wani yanki ya riƙa karɓar ɗigo ɗaya kawai cikin sauri, daga baya faifan ya kwashe su zuwa mazauninsu idan ya samu sarari. Fayil ɗin gwaji mai gigabait 1 yana shigewa wannan yanki gaba ɗaya, saboda haka lambar rubutu da kake gani ta yankin gaggawa ce kaɗai. Samsung 870 QVO mai terabait 1 misali ne da kamfanin da kansa ya bayyana: yana rubuta 530 har yankin, wanda bai wuce gigabait 42 ba, ya cika, daga nan sai ya sauka zuwa kimanin 80, ƙasa da abin da faifai mai juyawa yake bayarwa.

Hanyar gano wannan ba ta buƙatar wata manhaja. A tanadi manyan fayiloli da jimillarsu ta kai gigabait 50 ko fiye a kan wani faifai mai sauri, a kwafo su zuwa wanda ake gwadawa, a buɗe cikakken bayani a akwatin kwafi na Windows, a zauna a kalli koren zanen. Da farko zai miƙe a sama kamar an ja shi da ma'auni. Can sai ka ga ya gangaro farat ɗaya, lambar da ke ƙarƙashinsa ta faɗo daga ɗari biyar zuwa ɗari ko ƙasa, lokacin da ya rage kuma ya tashi daga daƙiƙu zuwa mintuna. A rubuta abu biyu: yawan gigabait ɗin da suka shige kafin faɗuwar, da lambar da ya tsaya a kai bayanta. Gigabait 20 a gudun 500 daƙiƙa 40 ne, a gudun 80 kuwa ya haura minti huɗu. Ga ɗalibi mai rubuta takardu wannan ba ya nufin komai, domin ba zai taɓa cika yankin ba. Ga mai ɗaukar bidiyon bukukuwa, ko mai shagon tura fina-finai da karatuttukan malamai a waya, wannan lamba ta fi duk sauran muhimmanci. Sharaɗi guda shi ne faifan da ake kwafowa daga gare shi ya fi wanda ake gwadawa sauri, in ba haka ba shi ake aunawa.

Wannan gwaji ne kuma yake tona canjin kayan ciki. A 2021 an gano cewa an sauya ƙwayoyin Crucial P2 daga TLC zuwa QLC, an kuma sauya na WD Blue SN550, sunan kwali bai canza ba, amma rubutu bayan cikar yankin gaggawa ya ragu ƙwarai. Don haka sakamakon da ka gani a intanet na shekarun baya ba lalle ya zama na faifan da ke hannunka ba.

Sai zafi, wanda a wurinmu ba ƙaramin al'amari ba ne. Yawancin SSD an tsara su su yi aiki tsakanin digiri 0 da 70, kuma idan suka kusanci iyakar sukan rage gudu da kansu don kada su lalace. Masu gwaji a Turai suna aunawa a ɗaki mai sanyi, mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa da Njamena yana haura digiri 40 a inuwa, ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankar kwamfuta. NVMe ya fi SATA ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. A bar CrystalDiskInfo a buɗe yayin dogon kwafi a riƙa duban ma'aunin. Idan gudu ya faɗi bayan adadin gigabait iri ɗaya kowane lokaci, yankin gaggawa ne ya cika. Idan kuwa ya faɗi ne lokacin da zafi ya kai saba'in da wani abu, ya kuma dawo bayan an huta, to zafi ne, kuma maganinsa share ƙura, ɗaga kwamfutar daga kan katifa ko darduma, da manna ɗan ƙarfen sanyaya idan akwai wurinsa. Wanda yake son sanin ainihin halin faifansa ya auna sau ɗaya bayan asuba, sau ɗaya bayan azahar, ya ajiye duka biyun.

Agogo, da binciken kayan hannu

Bayan lambobi, a koma ga agogon waya. A auna daƙiƙun da kwamfuta take ɗauka daga sake kunnawa zuwa bayyanar allo, ba daga kashewa ba, domin Windows tana ajiye wani ɓangare na kanta idan an kashe ta don ta tashi da wuri. A auna buɗe manhajar da aka fi aiki da ita, da kwafe jakar da ke ɗauke da dubban ƙananan hotuna. Idan lambobin faifai suna da kyau amma kwamfuta tana nan da nauyinta, a duba RAM, domin gigabait 4 ba ya isar Windows 10 da burauza ta zamani, kuma babu SSD da zai rufe wannan giɓi. Jinkirin buɗe shafuka kuwa na layin sadarwa ne.

Ga faifan hannu, CrystalDiskInfo tana nuna sa'o'in da ya yi a kunne, jimillar abin da aka taɓa rubuta masa, da kason lafiyar da ta rage. A kwatanta jimillar da alkawarin kamfani: 870 EVO mai terabait 1 an lamunce masa rubutun terabait 600, MX500 mai girma ɗaya kuwa 360. Ana iya goge waɗannan lambobi da wasu kayan aiki, don haka faifan da jikinsa ya tsufa amma yake nuna sa'o'i kaɗan abin tuhuma ne. Idan faifan gigabait 500 ya nuna 465, ko na terabait 1 ya nuna 931, wannan ba ha'inci ba ne, kamfani yana ƙirga da 1,000 ne Windows kuma da 1,024. Ha'incin gaske shi ne faifan da aka shirya ya yi ƙaryar girmansa, kuma gajeren gwaji ba ya kama shi, tun da gigabait ɗin farko na gaske ne. Manhajar H2testw, wadda mujallar c't ta Jamus ta fitar, tana cika duk sararin da ya rage da bayanai sannan ta karanto su ɗaya bayan ɗaya, kuma F3 tana yin aiki iri ɗaya a Linux. Gwajin yakan ɗauki sa'o'i, don haka tun wurin ciniki a ce wa mai shago, "Alhaji, zan tafi da shi in cika shi in karanta, idan ya nuna kuskure zan dawo da shi gobe," a kuma sa ya rubuta lambar jikin faifan a kan rasit.

Idan faifan da ke gida ya ragu da gudu bayan watanni, a fara da rage masa kaya har kashi ɗaya cikin biyar ya zama fanko, sannan a buɗe baƙin allon umarni na Windows, wato Command Prompt, da ikon mai gudanarwa a rubuta fsutil behavior query DisableDeleteNotify. Idan amsar 0 ce, tsarin TRIM, wanda Windows take da shi tun daga Windows 7 don sanar da faifai wuraren da aka goge, yana aiki. Idan 1 ce, a mayar da kalmar query zuwa set, a ƙara 0 a ƙarshen umarnin, a bar kwamfutar a kunne ba tare da aiki ba na kamar awa guda, sannan a sake awon da saitin da aka yi na farko.